Yadda ake ƙawata shafin albam na hotunan iyali da ɗinki da kayan ado

Wanda ya saba ɗinkin yadi, idan ya zo kan takarda, abu na farko da zai koya shi ne takarda ba ta mantuwa. Idan allura ta shiga yadi a wurin da bai dace ba, sai a zare ta, saƙar ta koma ta haɗe. Takarda kuwa duk hujin da aka yi mata ya zauna ke nan. Saboda haka aikin yana da jeri da ba a saɓa masa: a tsara, a huda, a ɗinka, a rufe baya, sannan a ɗora hoto daga ƙarshe. Yawancin ɓarnar da ake gani a shafuka daga tsallake ɗaya cikin waɗannan take fitowa.

Hoton da za a yi aiki da shi

Asalin hoto, musamman tsoho wanda babu irinsa a ko'ina, ba ya haɗuwa da allura, ba ya haɗuwa da gam, ba a kuma yanke shi don ya dace da tsari. A ɗauki hotonsa da na'urar sikana, a wanke kwafi, a yi aiki da kwafin. Idan girmansa ɗaya za a wanke, dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya isa; idan ƙaramin hoto ne ana so a faɗaɗa shi, a ɗauka a 600. In kuma dole ne asalin ya shiga albam, a riƙe shi da 'yan kusurwoyin nan huɗu da ake sayarwa don hoto, waɗanda su ne ke manne da shafi, hoton kuwa zura shi kawai ake yi, a zare duk lokacin da aka so. Kafin a ɗora shi, a duba bayansa. Sau da yawa akwai suna ko shekara da hannun wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma wannan rubutun darajarsa ba ta gaza ta hoton ba. A kwafe shi shi ma.

Kayan aiki

Gindin shafi kwali ne mai nauyin giram 200 zuwa 250 a kowace murabba'in mita. Takardar da ake buga rubutu da ita giram 80 ce, ba za ta ɗauki jan zare ba. Abin da ya haura 300 kuma yana wahalar hudawa, yana kuma tsagewa a bakin huji. Girman da aka fi sani shi ne inci 12 a kowane gefe, wato kusan santimita 30.5, sai A4, sai ƙarami mai inci 8. Mai fara koyo ya fara da ƙaramin, domin hannu yana kaiwa tsakiyarsa ba tare da an lanƙwasa shi ba.

Kwalin ya zama wanda fakitinsa ya nuna ba shi da asid, ba shi da liginin. Liginin wani sinadari ne na jikin itace, shi ne ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma asid ɗin da yake haifarwa yana tsallakawa zuwa duk takardar da ta jingina da shi. Idan an ga alamar PAT a jikin kaya, ma'anarta an gwada shi an ga ba ya cutar da hoto, kuma wannan ya fi kalmomin talla ƙarfi.

Zaren da ya fi dacewa shi ne zaren ado na auduga mai sili shida, irin na kamfanin zare na DMC da makamantansa. Ba a amfani da shidan gaba ɗaya sai a babban rubutu; sili biyu ko uku su ne na yau da kullum. Akwai kuma murɗaɗɗen zare mai sheƙi da ba a raba shi, lamba 8 ko 5, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Allura kuwa a nemi mai dakusasshen baki da faffaɗar kafa, lamba 24 ko 26. Tunda an riga an huda, ba a buƙatar tsini, mai tsini ma sai ta riƙa buɗe sabon huji kusa da na gaskiya.

Sauran su ne abin hudawa (siririyar basilla, ko allura mai tsini da aka soke gindinta a cikin toshiyar kwalba don ta yi daɗin riƙewa), da soso mai tauri na shimfiɗawa a ƙasa wanda kaurinsa ya kai milimita 5, da rular ƙarfe, da fensir, da almakashi ƙarami, da takarda shara-shara ta kwafar zane, da tef mai manne fuska biyu marar asid. Salatif na yau da kullum kada ya kusanci aikin nan: da shekaru yana yin ruwan ƙasa, ledar ta faɗi, mannen ya bar tabon da ba ya fita.

Jan zare da baƙi da shuɗi mai duhu sukan zuba. A jiƙa guntu a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar launi, a canza shi, domin danshi yana iya fito da wannan launin a kan shafi.

Tsara shafi

A jera komai a kan kwali ba tare da an manna ko ɗaya ba. Hoto ɗaya zuwa uku sun ishi babban shafi in ana so ɗinki ya samu wuri. A zaɓi wanda shi ne jigo, a ba shi girma, a yi masa shimfiɗa da takarda mai launi wadda ta leƙo milimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe. Idan mutumin da ke cikin hoton yana kallon dama, a bar fili ta dama, rubutu ko ado ya zauna a can. Launin zare a ɗebo shi daga cikin hoton, biyu ko uku, ba ƙari. A ganina wannan ne wurin da aka fi yin kuskure: a sayo kayan ado masu kyau, a ji ba a son barin ko ɗaya, har fuskar kaka ta ɓace a tsakiyar furanni. Ido ya fara sauka a kan fuska. Duk abin da ya riga fuska jan ido, a rage shi.

A bar santimita ɗaya da rabi a gefuna, a ƙara a ɓangaren da za a ɗaure shafin. In tsarin ya yi, a ɗauke shi hoto da waya, a yi ɗigo mara nauyi da fensir a kusurwoyin kowane hoto, a kwashe hotunan a ajiye nesa da teburin.

Hudawa

Nan ne rabin aikin yake. A zana abin da za a ɗinka a kan takarda shara-shara, a ɗora ta a fuskar kwali, a riƙe ta da tef mai saurin ɓarewa, a sa soso a ƙasa. Daga fuska ake hudawa zuwa baya, domin bakin huji yana tasowa ta inda allura ta fita, kuma gara wannan tudun ya kasance a baya. A riƙe abin hudawa a tsaye cak. Idan ya karkata, hujin zai fito doguwa, zare ya kwanta a karkace.

A fara da kusurwoyi da duk inda layi biyu suka haɗu, sai a raba abin da ke tsakani daidai. Wanda ya fara daga gefe guda yana tafiya, zai isa kusurwa ya tarar da saura rabin taki. A miƙaƙƙen layi, tsakanin huji da huji milimita 4 zuwa 5. A lanƙwasa a matso zuwa 3 don da'ira ta fito da'ira. Ƙasa da milimita 2 da rabi haɗari ne, domin an mai da layin kamar hujin takardar rasit, wanda da ma don a yage aka yi shi. Daga bakin takarda kuma kada huji ya matso fiye da milimita 5.

Girman huji ya dace da zare. Idan ya yi ƙanƙanta, kafar allura za ta yaga shi wajen wucewa. Idan ya yi faɗi, za a riƙa ganin baƙin ɗigo a gindin kowane taki. A gwada a guntun kwali iri ɗaya tukuna. Bayan an gama, a ɗaga shafin sama wajen haske kafin a cire zanen, a ga ko an tsallake wani wuri. Duk alamar fensir da ke kan layin a goge ta yanzu, don bayan ɗinki magogi zai dame zaren.

Ga masu keken ɗinki, akwai hanya mai sauƙi ta samun huji daidai wa daida: a cire zare sama da ƙasa, a sa tsawon taki a milimita 4, a bi layin da allura tsirara, sannan a dawo a ɗinka da hannu.

Ɗinkin hannu

A yanki zare santimita 40 zuwa 45. Bakin takarda yana da kaifi, duk wucewa yana ɗan kankare zaren, don haka dogon zare kafin ya ƙare ya yi gashi ya dushe. A zare sili ɗaya-ɗaya, a sake haɗa adadin da ake so. Hakan yana sa su kwanta lafiya a gefen juna. Ba a ƙulli a farko. Ƙulli yana yin tudu, ko ya kuɓuce ta cikin huji. A bar wutsiya ta santimita 2 a baya, a danne ta da guntun tef marar asid, nesa da sauran hujin da ba a bi ba tukuna. Haka ma a ƙarshe.

Ɗinkin koma-baya shi ne ginshiƙi, da shi ake rubutu da zagaye hoto. A fito ta huji na 2, a shiga na 1. A fito ta na 3, a shiga na 2. A fito ta na 4, a shiga na 3. Layi yana fitowa a haɗe ba giɓi. Ɗinkin tsallake, wato shiga-fita kawai, ya fi sauri kuma ya fi sauƙi a ido, yana kyau a gefen shafi. A takarda ba a tara taki biyu ko uku a kan allura kamar yadda ake yi a yadi. Kowane huji tafiya ɗaya: a soka, a ja zaren duka, a juyo.

Ɗinkin sarƙa yana ba da layi mai kauri. A fito ta huji na 1, a koma ta shi ɗin dai, a bar ɗan zobe a sama, a fito ta na 2 ta cikin zoben, a ja a hankali har ya kwanta. Zobe na ƙarshe a danne shi da ɗan gajeren taki. Ɗinkin gicciye yana buƙatar huji huɗu a murabba'i mai milimita 5, kuma takin sama ya karkata ɓangare guda a duk jerin, in ba haka ba haske zai nuna bambancin.

Ƙaramin ƙullin nan da ake yi wa tsakiyar fure ko ɗigon harafi yana son kulawa. A yi huji biyu kusa da juna, tsakaninsu kamar milimita ɗaya da rabi, a ƙarfafa bayansu da tef tun kafin a huda. A fito ta ɗaya, a naɗa zare sau biyu a jikin allura, a riƙe shi da ɗaya hannun, a shiga ta ɗayan. Idan aka koma ta huji guda, sau da yawa ƙullin yakan bi allura ya faɗa baya.

Cike fili da taki a jere a matse, kamar yadda ake cike ganye a yadi, ba ya yiwuwa a nan, sai siffar ta yanke ta faɗo. In ana son cikawa, a huda gefen siffar kawai da tazarar milimita 4, a riƙa jan dogon zare daga wannan gefe zuwa wancan, su haɗu a huji guda mai ɗan faɗi a gindin ganyen. Wancan hujin na gindi shi ma a ƙarfafa bayansa.

Rubutu da zare yana son haruffa masu tsawon santimita 3 ko fiye, marasa ƙawa da yawa. Suna ɗaya ko shekara ya isa. Idan an gama harafi, a yanke zare a fara na gaba sabo, musamman a farin kwali, domin baƙin zaren da ya ratsa ta baya yana iya nunawa, kuma yana jan takarda.

Ƙarfin ja shi ne abin da hannu ke koya da kansa. A ja har zare ya kwanta, a tsaya. Idan shafi ya fara lanƙwashewa kamar zai naɗe, an matse da yawa. A riƙa ja a kwance, ta ɓangaren da ɗinkin ya nufa. In zare ya murɗe, a saki allura ta yi lilo ta warware.

Ɗinki da keke

Keke yana ba da layi siriri mai tsabta, kuma shi ya fi dacewa da haɗa takarda a kan takarda. A sa allura lamba 80/12 ko 90/14, a ware ta don takarda kaɗai, domin takarda tana dakusar da baki. Tsawon taki milimita 3 zuwa 4. A fara bin guntun kwali don a ga daidaiton zaren sama da na ƙasa, kuma duk man da ya rage a keken ya sauka a can. Kada a yi komawa baya don ƙulle ɗinki, yana yanka takarda. A bar wutsiya santimita 10 a farko da ƙarshe, a ja zaren ƙasa har na sama ya leƙo, a jawo shi baya, a ɗaure su a danne da tef. A kusurwa, a tsaya allura tana ƙasa, a ɗaga ƙafar keke, a juya shafin.

Tef ko gam da ke riƙe takardun ya nisanci layin ɗinki da santimita ɗaya. Idan allura ta ratsa manne, sai ta yi danƙo, ta fara tsallake taki, zare ya tsinke. A tafi a hankali, kada a ja shafin, kuma kada a naɗe babban shafi don ya shiga ƙarƙashin hannun keke. A juyo ta ɗaya gefen. Bayan an gama a goge ƙurar takarda daga wajen zaren ƙasa.

Da keke ake yin aljihu: a yanki takarda shara-shara mai kauri, a ɗinke gefe uku, a bar sama. Wasiƙa ko katin makaranta sai ya shiga ba tare da an manna shi ba.

Kayan ado

Ƙa'idar kauri ita ce milimita 3. Abin da ya fi haka zai danna shafin da ke fuskantarsa idan an rufe albam, ya bar shaida a fuskar wani. Maɓalli mai huji biyu ko huɗu a ɗinke shi kai tsaye, amma a manna guntun kwali a bayan wurin don ya ɗauki nauyi. Mai ƙafa a baya a datse ƙafar da filaya, a manna shi da ɗigon manne mai kauri. 'Yan faifan ƙyalli masu huji a tsakiya ana riƙe su da ƙaramin dutsen ado: a fito ta faifan, a shiga dutsen, a koma ta faifan. Duwatsun gilashi suna ƙarzar hoto, don haka a duba inda za su sauka a ɗaya shafin kafin a ɗinka.

Ribon a yanke bakinsa a karkace don kada ya warware, ko a tsaga kwali da reza a zura bakin ya koma baya. Leshi da ribon ba sa son gam mai ruwa, yana ratsowa ya bar tabo mai duhu. A yi musu 'yan taki da zare mai launinsu. Gam mai ruwa ko a takarda ma yana sa ta kumbura ta yi tudu, don haka in dole ne, ɗigo kaɗan da tsinke.

Ado mafi daraja a wurina shi ne guntun ƙyalle daga tufar da ke cikin hoton, ko daga rigar jaririn da yanzu ya girma. A wanke shi don sitati da datti su fita, a goge, a manna masa farin ƙyallen nan mai manne da teloli ke gogewa a cikin kwala, sannan a yanka. Hakan yana hana shi warwarewa da miƙewa. A huda shi tare da kwalin, a zagaye shi da ɗinkin tsallake.

Ƙarfe yana iya yin tsatsa, don haka kada ya taɓa hoto. Busasshen fure da ganye suna fitar da launi, suna kuma jawo ƙwari. A sa su cikin 'yar ambulan ta leda mai kyau, a ɗinke ambulan ɗin a shafi. Yankin jarida a kwafe shi a takarda marar asid, a yi amfani da kwafin. Wajen jerawa, ado uku a tare a kusurwa guda, babba da matsakaici da ƙarami, sun fi kyau a kan a warwatsa su ko'ina.

Idan an samu matsala

Idan takarda ta yage tsakanin huji biyu, a zare zaren wurin, a manna guntun takarda mai ƙarfi a baya, a bari ta kama, a sake hudawa, a yi taki ɗaya dogo ya haye yagewar. Hujin da aka yi bisa kuskure a kifa shafin a kan tebur mai tauri, a murza bakinsa da farce ya koma ciki. Ba zai ɓace ba, amma zai ragu, in ya so a rufe shi da ƙulli ko maɓalli. Shafin da ya lanƙwashe a sa shi tsakanin fararen takardu biyu, a ɗora littattafai masu nauyi ya kwana. Dattin hannu a farin zare ba ya wankuwa a nan, don haka a wanke hannu kafin a zauna, kada a shafa mai.

Rufewa, rubutu da ajiya

A rufe bayan shafin da wani kwali mai girma ɗaya, a manna gefunansa da tef mai fuska biyu, don wutsiyoyin zare kada su kama wani abu. Yanzu ne hotuna za su hau, bisa ɗigon fensir da aka yi, ana riƙe su ta gefe.

Kada shafi ya tafi ba suna. A rubuta cikakken sunan kowa, daga hagu zuwa dama, da wuri da shekara. "Baba" kaɗai ba zai gaya wa jikoki komai ba. In ba a tabbatar da shekarar ba, a rubuta "wajen 1985", kada a ƙirƙiro rana. A yi amfani da alƙalami mai tawadar da ba ta zuba a ruwa kuma ba ta dushewa, a yi rubutun a wata 'yar takarda daban, ta bushe, sannan a manna, don kuskuren harafi ɗaya kada ya ɓata aikin kwana biyu.

Rigar ledar da shafi zai shiga ta zama ta polipropilin ko poliyesta. Ta PVC, wadda ake gane ta da ƙarfin warinta, tana fitar da sinadarin da ke manne wa hoto ya ɗauke launinsa. Albam mai zobe ya fi dacewa da shafuka masu tudu, kuma kada a cika shi har ya kasa rufuwa daidai. A ajiye shi a tsaye, kada a ɗora masa nauyi, a wuri mai sanyi da bushewa inda danshin iska yake tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo da ruwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buɗe shi shafi-shafi, a duba ko akwai fumfuna, ko tsatsa, ko tef ɗin da ya saki.